Wa Zai Ɗaga Inna?

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Likitan ƙashi ne ya ce in sayi littafi in riƙa rubuta lokacin da ciwon yake tashi, da abin da nake yi kafin ya tashi. To ga littafi na saya. Yana tashi da asuba in na ɗaga Inna daga gado zuwa keken guragu. Yana tashi in na ɗaga ta daga keke zuwa kujerar wanka. Yana tashi in na mayar da ita. Sai kuma awa takwas da nake yi a tsaye bakin teburin guga a shagon wanki. In akwai wani lokaci da ya rage bayan waɗannan, to a cikinsa lafiyata ƙalau.

Ya manna hoton ƙashin bayana a gilashi mai fitila, ya nuna mini da bakin biro. Ashe ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne, gaɓoɓi ne a jere, wannan bisa wannan. A nawa, can ƙasa daidai ƙugu, gaɓa ɗaya ta zame ta yi gaba, tana danne jijiyar da ke sauka ƙafar hagu. Ni da ban yi karatun likita ba na gani da idona, kamar aljihun tebur da aka ja aka manta ba a mayar ba.

Ya ce, "Me kike ɗauka mai nauyi?"

Na ce, "Uwata."

Ya yi murmushi, ya zaci wasa nake. Da ya ga ban yi dariya ba ya ce, "Tun yaushe?"

"Shekara shida. Tun da ɓarin jikinta ya shanye."

Ya ajiye biron. "Daga yau kin daina. Ba ki da 'yan'uwa ne?"

Na ce ina da su, maza biyu, kowanne a ƙoshe.

Ya ba ni ƙwayoyi, da bel na ɗaure ƙugu, da takardar zuwa wajen masu gashin ƙashi. Na dawo gida na tarar Inna ta jiƙa shimfiɗa. Hannunta na dama, mai lafiyar, yana naɗe da filasta tun ranar Talata, ba ta iya jan ƙararrawar da nake bar wa maƙwabciya ta saurara. Maganar ranar Talata ba zan rubuta ba. Ba ita likita ya tambaya ba.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Na ɗaga ta. Wa zai ɗaga?

Asabar, bayan azahar

Yaya ya zo. Rabona da shi tun a asibiti da ake naɗe wa Inna hannu, inda ya yi ta magana da nas a kaina kamar ba na wurin. Ya shiga ɗakin Inna ya yi minti biyar, ya fito ya zauna a kujerar marigayi Baba yana juya makullin mota a yatsa.

Na miƙa masa hoton. Ya ɗaga shi saitin taga, kai a ƙasa. Ban gyara masa ba.

Ya ce, "Ai kowa yana da ciwon baya. Ni kaina in na daɗe a kujerar ofis sai an danna mini."

Na ce, "Yaya, likita ya ce in daina ɗaga ta. A samo mace mai ƙarfi ta riƙa zuwa safe da yamma. Wanka da ciyarwa da wanki duk zan ci gaba. Ɗagawar ce kawai."

Ya ce, "Bare ba za ta ga tsiraicin uwarmu ba muna raye."

Muna raye. Mu wa? Shi da bai san wane ɓari Inna take kwanciya a kai ba. Bai san ba ta haɗiye ƙwaya sai an niƙa ba. Ya san dai ranar da zai zo da lemo a leda, a yi masa sannu da ƙoƙari.

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ki dai ƙara kula. Tsohuwa ba buhu ba ce da za a saki."

Na riƙe bakina. Ban san yadda aka yi na riƙe ba.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Anti, matar Yaya, ta kawo mini man zafi da shawarar in riƙa kwana a ƙasa. Shekara shida ke nan ina kwana a ƙasa, a gefen gadon Inna. Ta riƙe hannun Inna ta ɗauki hoto don ta tura wa Auta, ta ce in matsa kaɗan, zanina ya shigo cikin hoton.

Auta kuma ya kira daga can garin da yake aiki. Ya turo mini bidiyo uku na wata mata tana lanƙwasa jiki a kan tabarmar roba. Wai in rage ƙiba. Yaron da na goya har ya shiga makaranta, yanzu cikinsa ya riga shi shiga ɗaki, shi ne yake ce mini in rage ƙiba.

Talata, ƙarfe ɗaya, hutun rana a shago

Sati guda yau da waccan Talatar.

Ciwon: tsayuwar minti goma, sai ya sauko daga ƙugu ta bayan cinya har idon sawu, kamar an zura waya mai zafi. In na jingina da teburin na sunkuya gaba sai ya lafa. Mai shago ya ga ina yi ya kawo mini doguwar kujera, Allah ya saka masa. Amma zanin gado ba ya goguwa a zaune.

Abokiyar aikina, da muke kira Rediyo don bakinta ba ya mutuwa, ta kwashe zannuwan gado da labule duka ta mayar teburinta, ta turo mini kwalar riguna da kayan jarirai.

Na ce, "Ki bari, aikin zai yi miki yawa."

Ta ce, "Ke dai yi shiru. Ni da nake neman wanda zai zauna wuri ɗaya ya saurare ni, Allah ya ba ni ke a kan kujera."

Ba uwa ɗaya muke ba, ba uba ɗaya ba. Ko sunan unguwarsu ban riƙe ba.

Laraba, ƙarfe shida na safe

Na ɗaga ta. Ƙafar hagu kamar tururuwa na yawo a ciki.

Alhamis, ƙarfe shida da rabi na yamma

Anti ta kira, wai gaisuwa. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta sauke abin da ta ɗauko. Jiya Yaya ya wuce ta layinmu a mota, ya hango ni ina tura Inna a keke zuwa kantin magani, na sunkuya a kan keken ina tafiya da sauri. Wai ya ce mata, mai ciwon baya na gaskiya ba ta sunkuyo.

Sunkuyon nan shi kaɗai ne sauƙina. Likita da bakinsa ya ce in na karkata gaba jijiyar takan ɗan sami sarari. Amma Yaya ya fi shi sani, ya yi nasa binciken ta gilashin mota. Kuma bai tsaya ba. Ya ga uwarsa a titi, ya ga ƙanwarsa, ya auna sunkuyona, ya taka mota.

Na ce wa Anti, "Ki gaya masa na gode da ya duba ni kyauta."

Ta ce, "Haba, kar ki ɗauka da zafi."

Da me zan ɗauka?

Asabar, ƙarfe goma na safe

Ban je gashin ƙashi ba. Sau biyu ke nan. Layin yana cin awa uku, maƙwabciya kuma tana da nata gidan.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

A hanyar dawowa takalmin ƙafar hagu ya zare, ban sani ba. Na yi tafiya mai ɗan nisa a kan kwalta da ƙafa ɗaya tsirara, sai da mai sayar da ayaba ya kira ni ya nuna mini shi a baya. Na koma na ɗauka ina dariya don kar ya ga tsorona. Da na zo gida na zauna na ce wa babban yatsan ya ɗaga. Ya ƙi.

Inna ba ta cin abinci sosai. Cokali uku ta kawar da kai. Ruwa ma sai ta jiƙa leɓe ta ture kofin.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Ba ta kallon idona in zan ɗaga ta. Takan riƙe numfashi, ta ƙanƙame jiki.

Laraba, bayan la'asar

Na gane. Ina shanya ledar shimfiɗa na ga a bushe take, ta jiya ma a bushe. Kwana uku ban kai ta banɗaki da rana ba. Ba ciwo ne ya hana ta ci da sha ba. Ragewa take yi don kar in ɗaga ta. Riƙe numfashin nan ma, a tunaninta zai sa ta yi sauƙin ɗauka.

To bari in rubuta. Littafina ne.

Waccan Talatar na gama yi mata wanka, na rungumo ta zan ɗora a keke, sai ƙafar hagu ta tafi, kamar ba a taɓa halitta mini ita ba. Muka zube tare a kan siminti. Hannunta ya shiga ƙarƙashinta, na ji ƙarar. Wannan kowa ya sani, shi Yaya yake goranta mini. Abin da ba su sani ba shi ne ban tambaye ta ina ya yi ciwo ba. Ina kwance cikin ruwan sabulu, bayana kamar an sara da gatari, na buɗe baki na ce, "Na gaji. Wallahi na gaji da ke."

Ta ji. Kunnenta bai shanye ba.

A asibiti Yaya ya yi ta tambayarta yadda aka yi, ta ce santsi ne. Kalma ɗaya, da ƙyar ta fito da ita. Santsi.

Ina jin haushin Yaya, ina jin haushin Auta, ina jin haushin Anti da zobbanta. Amma su ba su taɓa gaya mata haka ba. Ta ina za su gaya mata? Wanda bai ɗauka ba ai ba ya gajiya.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Na koma wajen likita. Ya ce in taka da dunduniya daga ƙofa zuwa teburinsa. Ta dama ta yi, ta hagu tana faɗuwa tana ja. Ya danna yatsan ya ce in ture hannunsa, ban iya ba.

"Kin daina ɗaga ta?"

Na kawar da kai.

Ya ce, "Hajiya, ba faɗa nake miki ba. Jijiyar tana mutuwa. Magani da bel sun wuce wurin. Aiki za mu yi, mu buɗe wa jijiyar hanya, mu kafe gaɓar da ƙarfe kar ta ƙara zamewa. In muka jinkirta, ƙafar za ta iya zama haka har abada. Ku biyu za a riƙa ɗagawa."

Ya ba ni ranar Laraba ta sama. Ya ce in fitsari ya fara kufce mini, ko na daina jin wajen zama, kar in jira Laraba, in taho a ranar.

Na kira Yaya daga bakin ƙofar asibiti. Ya ce yana da taron ofis a wani gari satin, a ɗaga zuwa wata mai zuwa. Ya ƙara da cewa likitocin yanzu ba su da aiki sai yanka mutane.

Na ce, "Yaya, ba izini nake nema ba. Sanar da kai nake yi."

Ya ce, "Da ni kike magana haka?"

Na ce, "Da kai." Shekarata arba'in da bakwai, yau na fara mayar masa da magana.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Bai kira ba. Auta ya turo addu'a mai hoton furanni.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Yau da asuba na yunƙura zan tashi daga katifa, bayana ya kulle. Na gwada ta dama, na gwada ta hagu, na kama ƙafar gado na ja, sai da na ga duhu. Inna tana sama, ni ina ƙasa. Na ji tana motsi, na san me take so.

Na lalubo waya na kira Yaya. Na ce, "Ba na iya tashi. Inna tana jiƙe. Maƙwabciya ta yi tafiya. In ka ga dama ka zo." Na kashe.

Awa biyu muka yi muna jira. Ina kallon silin, ina jin numfashinta. Ban shirya ba, kawai na ji bakina yana cewa, "Inna, maganar da na gaya miki a banɗaki, ki yafe mini. Kuma don Allah ki ci abinci. Ba ki rage mini nauyin komai ba, ƙara mini kika yi."

Na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai na ga hannun nan mai filasta ya leƙo ta gefen gado, yatsun suna lalube har suka sami kaina. Maganarta tun ciwon nan a karye take fita, sai mutum ya jira.

"Ke ma... nauyi. Wata tara. Na zage ki... kullum."

Na ce, "Ni, Inna?"

"Ƙaton kai."

Na yi dariya, dariyar ta soki bayana, na yi kuka, ita ma gadon yana girgiza. A haka Yaya ya same mu, da rigar ofis da agogo da turare.

Ya tsaya a ƙofa warin ya buge shi. Ya dube ni a ƙasa ya ce, "To yanzu ya za a yi?"

Na ce, "Cire agogon. Kawo keken kusa da gado, ka taka birki. Sa hannunka ƙarƙashin kafaɗarta, ba hammata ba, za ka gurɗe ta. Ƙafafun ka fara saukowa da su."

Ya yi. Ya rungume ta ya ɗaga, ɓarin da ya shanye ya zube masa, suka yi baya tare, da ƙyar ya tokare da bango. Ya mayar da ita gado yana haki. Jijiyar wuyansa ta fito.

"Tana da nauyi haka?"

Na ce, "Ta rame ma. Sake."

Sai a karo na uku ya kai ta keke. Gaban rigarsa duk ya jiƙe, ba da ruwa ba. Ya kai ta banɗaki, ina kwance ina ba shi umarni ta ƙofa, ina sabulu yake, wane tawul ne na fuska. Inna ta rufe ido har aka gama. Shi ma na san nasa a rufe suke rabin lokacin.

Da ya fito ya zauna a bakin gado ya ce, "Sau nawa kike yin wannan a rana?"

"Shida. In cikinta ya ɓaci, goma."

Bai ce sannu ba, kar in yi masa ƙarya a littafi. Ya dai ɗaga ni ni ma, ya sa a mota.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma, a gadon asibiti

Sun kwantar da ni tun jiya. Gobe da safe za a shiga da ni. An mayar da Inna gidan Yaya, an kuma samo mace mai zuwa safe da yamma. A yini ɗaya aka same ta. Ashe bare tana iya ganin tsiraicin uwarmu, in dai bayan Yaya ne zai huta.

Rediyo ta zo da rigunan barci biyu, ta goge su har da sitati. Ta yi awa guda tana ba matar gadon kusa da ni labarin mai shago. Nas ce ta kore ta.

Ina jin tsoro. Na rubuta, ba zan maimaita ba.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An yi. Ƙarafa huɗu suka kafa a bayana. Jiya mai gashin ƙashi ta tsayar da ni da abin dogarawa, na taka daga gado zuwa taga na dawo. Wayar nan mai zafi ta bar cinyata. Ƙafar har yanzu tana ja, likita ya ce jijiya ba ta da gaggawa, wata ta dawo duka, wata rabi, sai an ga watanni.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Lokacin ziyara Yaya ya zo da abokan aikinsa biyu. Ina jinsa yana gaya musu, "Ai da ƙyar muka shawo kanta ta yarda da aikin. Ba ta son asibiti." Suka ce Allah ya saka masa da zumunci. Na juya fuska bango don kar ɗinkin ya ɓalle.

Da suka fita ya dawo shi kaɗai, ya ja kujera. Ya zauna a hankali, yana dafe ƙugu. Ya ce Inna tana ci, tana tambayata. Ya ce matar da aka samo ba ta zuwa Lahadi, kuma tsakar rana babu kowa sai shi da Anti, yana baro ofis ya zo ya koma. Sannan ya gyara murya.

"Likita ya ce nan da wata nawa za ki iya komawa kamar da?"

Na ce, "Kamar da, wato ɗaga Inna?"

"To, ai kin fi kowa iyawa. Hannunki ta saba da shi."

Na ce, "Zan yi mata wanka in an zaunar da ita. Zan ba ta abinci, zan yi mata kitso, zan kwana kusa da ita. Ɗagawa kuwa na gama, Yaya. Ba wata uku ba, ba shekara ba. Kai da Auta ku raba kwanaki."

Na jira ya ce da shi nake magana haka. Sai ya laluba aljihu ya ciro biro, bai sami takarda ba, ya juya kwalin maganina.

Ya ce, "Bayanta ya fara ja a wuri ɗaya, nan saman ƙugu. In na juya ta tana yin ƙara. Me nake yi ba daidai ba?"

Na ce, "Kafaɗa kake ja. Fara lanƙwasa gwiwarta, ka sa filo tsakanin ƙafafun, sannan ka juya ƙugu da kafaɗa tare. Duk awa biyu."

"Duk awa biyu?"

"Rubuta."

Ya rubuta.